Almakashin da ke yanka DNA da hannun da ke auna ɗigon ruwa

Da yawa daga cikin masu ciwon suga da ke yin allurar insulin ba su san cewa samar da maganin ya dogara da wani almakashi da ido ba ya gani ba. Wannan almakashi wani sinadari ne da ake kira inzayim, wanda masana ke yanka DNA da shi, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta.

Asalinsa makami ne na ƙwayoyin bakteriya. Idan bairos ya kutsa cikin bakteriya, sai ta saki sinadarin ya daddatsa DNA ɗin maharin, nata kuwa ta riga ta yi masa alamar da ke kare shi.

Werner Arber na Suwizalan da Hamilton Smith da Daniel Nathans na Amurka ne suka sami lambar yabo ta Nobel a 1978 saboda gano sinadarin da yadda za a yi aiki da shi.

Abin da ya ba shi daraja shi ne ba ya yanka barkatai. Da haruffa huɗu ake rubuta bayanan DNA: A, T, G da C. Sinadarin EcoRI, alal misali, yana neman jerin GAATTC ne, ya yanka tsakanin G da A, ya bar baki mai saurin mannewa da wani guntun da aka yanka da irinsa.

Da wannan dabara Stanley Cohen da Herbert Boyer suka haɗa guntayen DNA daga tushe daban-daban a 1973. Zuwa 1982 Amurka ta amince da insulin irin na ɗan Adam da bakteriya ke samarwa.

Haka kuma a cutar sikila, wadda ta yi katutu a Najeriya, sauyin harafi ɗaya ne ke haddasa ta, kuma sauyin yana shafe wurin da sinadarin MstII ke yankawa. Ta haka ake iya gane mai ɗauke da ita tun yana ciki.

Sai dai duk kaifin almakashin, sakamako na hannun ma'aikacin ɗakin gwaji. Ana awon ne da maikurolita: ƙaramin cokalin shayi na ɗaukar 5,000, ɗigon ruwa guda kimanin 50, alhali sau da yawa maikurolita ɗaya tak na sinadarin ake buƙata.

Na'urar awon ita ce maikurofifet, wadda Heinrich Schnitger ya ƙirƙira a Jamus a 1957. Madanninta na da matsaya biyu. Ana danna shi zuwa ta farko kafin a zuƙi ruwa, a sake shi a hankali, sannan a kai ta biyu wajen fitar da ragowar. Wanda ya kai ta biyu kafin zuƙa ya ɗebi fiye da kima. Ana kuma sauya bakin robar na'urar bayan kowane ɗiba, domin guntun DNA na wani samfurin ya isa ya ɓata gwaji.

Shi kansa sinadarin ba ya jure zafi. Ana adana shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, a ɗora shi kan ƙanƙara yayin aiki, kuma shi ake zubawa a ƙarshe. Daga nan a bar haɗin a digiri 37 na kimanin awa guda. Idan aka zuba shi da yawa, gilisarin da aka adana shi a ciki kan sa ya yi yanka a inda bai dace ba.

A ƙarshe ana tura guntayen ta cikin wani daskararren sinadari da ƙarfin lantarki, ƙanana su yi nisa, manya su tsaya baya. Layukan da suka bayyana su ne ake karantawa, kuma a kansu likita zai iya gina abin da zai shaida wa iyali. Shi ya sa ake fara horar da sabon ma'aikaci da awon ruwa mai launi kafin a damƙa masa samfurin majinyaci.