Sabunta Jikin Mota: Aikin Yana Ƙarƙashin Fenti

Tsadar mota ta sa mutane da yawa sun koma raya tsohuwar da ke hannunsu. Duk wanda ya tsaya bakin titin Kano zuwa Maiduguri a Wudil ranar Juma'a, ranar da kasuwar kara ke ci, zai ga Golf da Sharon da Homa da akori-kura suna ta jigila, wasu sun girmi direbobinsu. Jefi-jefi har Peugeot 504 zai gani, irin wadda aka daɗe ana haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Mai mota a gari kamar Utai idan ya tara ɗan abin da ya tara, sai ya nufi gareji a Wudil ko cikin Kano, ya biya kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo ƙofa ko bamba, ya ce a mai da masa ita sabuwa. Sai dai da yawa launi kawai suke zaɓa, ba sa tambayar abin da za a yi kafin a kai ga launin.

Aikin yana farawa ne daga hannun fanabita. Shi zai bubbuge inda ya lotsa da guduma, ya yanke inda tsatsa ta ci, ya yi waldar sabon ƙarfe a gurbinsa. Tsatsa ba ta mutuwa don an rufe ta. Muddin danshi da iska na kaiwa gare ta, ci take yi ta ciki har fentin ya kumbura. Motocin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka sukan zo da ita a ƙarƙashi, saboda gishirin da ake watsawa a titunan can lokacin ƙanƙara. Don haka a duba ƙasan ƙofofi, da bakin tayoyi, da daɓen mota.

Daga nan sai fila, wadda ake shafawa don daidaita ƙananan ramuka. A nan ha'inci ya fi yawa. Ƙa'idarta 'yan milimita kaɗan ne, amma mai gaggawa sai ya cike lotsawa guda da ita maimakon ya buge ƙarfen. Zafin rana da gargadar hanya ba sa daɗewa suke tsattsaga ta. Mai sayen mota yana iya ganewa da ɗan maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, fila ce ta yi kauri. Bayan an goge da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, sai a fesa shimfiɗar farko mai hana tsatsa, sannan launi, sannan ruwan ƙyalli da ke kare launin daga rana. Idan gefe ɗaya za a fesa, a nemi lambar launin motar, wadda galibi take jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin bonet, don kada ƙofa ta bambanta da 'yar'uwarta.

Bushewar fenti tsohuwar matsala ce. A farkon ƙarni na 20 makonni ake yi ana jira, har sai wajen 1924 da kamfanin General Motors ya fara amfani da fentin Duco na kamfanin DuPont, wanda ya rage jiran ƙwarai. A yau manyan gareji suna da rufaffen ɗakin gashi mai zafin kusan digiri 60. Wanda zai yi feshi a fili kuwa, ya lura da yanayi: ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, danshin damina kuma yana dusashe ƙyallinsa.

Akwai kuma batun lafiya. Sinadarin da ake haɗawa da fentin zamani don ya yi tauri yana jawo asma, kuma ƙyallen da yara 'yan koyo ke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Haƙƙi ne a kan maigidan gareji ya samar da takunkumi mai matata, ya kuma raba wurin feshi da wurin walda, domin tururin tina yana kama wuta nan take.

Ta fuskar doka, launin mota yana rubuce a takardunta. Wanda ya sauya shi, ya je ofishin lasisi a gyara, kafin ya haɗu da 'yan sanda ko jami'an hukumar kiyaye haɗurra. Koren launin motocin soja kuwa, doka ta hana farar hula amfani da shi.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kafin ka ba da kuɗin kafin alƙalami, nemi ganin motar da garejin ya fesa bara, ba wadda ya gama jiya ba. Ku yi ciniki mataki-mataki, kuma ka je da kanka ka ga ƙarfen tsirara kafin a shafa masa komai. Da zarar launi ya hau, ba ka da sauran hanyar sanin abin da ka biya sai damina ta zagayo.