Sunayen gyaɗa daga Magariya zuwa Meksiko

A gundumomin Magariya da Dungas, cikin jihar Damagaram, babu manomin da bai san darajar gyaɗa ba. Ita ce ta biya haraji, ita ce ta yi aure da suna, tun kafin gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta. Har masana'antar tatsar mai ta SEPANI aka gina a Magariya saboda ita, kafin fari na 1973 da cutar da ta faɗa wa gonaki a 1975 su karya nomanta.

Amma kaɗan ne suka san cewa gyaɗa baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Asalinta Amurka ta Kudu, kuma jiragen ruwan Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka a ƙarni na 16. Saboda haka wanda ya shiga koyon Sipaniyanci, harshen da ya mamaye yawancin ƙasashen can, zai tarar sunanta ba ɗaya ba ne.

A Kuba da Kolombiya da Ajantina, “maní” ake ce mata. Kalmar ta mutanen Taino ce, mazauna tsibiran da Turawan Sipaniya suka fara sauka a 1492. A Meksiko kuwa “cacahuate” ake cewa, daga harshen Nahuwatil na Aztek, ma'anarta kokon ƙasa, domin ƴaƴanta a cikin ƙasa suke nuna. Da kalmar ta ƙetara teku zuwa Sipaniya sai ta zama “cacahuete”, harafi ɗaya ya sauya. Daga nan Faransawa suka aro “cacahuète” da ɗan lakkol ya sani, ko da yake takardun ma'aikata sun fi son “arachide”.

Wannan ba baƙon al'amari ba ne ga Bahaushe. Abin da manomin Magariya yake kira gyaɗa, kamar na Kano, shi ne gujiya a bakin mutumin Maraɗi da na Sakkwato. Rikicin kuwa, a wajen Kano gujiya wata shuka ce daban, wadda mutanen yamma suke kira kwaruru. Takardar malamin gona da aka rubuta a Maraɗi tana cewa a shuka gujiya da wuri, in ta isa kasuwar Dungas ba bayani, tana iya sa mai karatu ya nufi wani irin da ba shi ake nufi ba. Wanda ya sha wahalar yaƙi da jahilci har ya iya karatu bai cancanci takarda ta ɓatar da shi ba.

Shi ya sa ya kamata ma'aikatan da ke shirya littattafan manoma su riƙa rubuta sunayen biyu tare da zanen shukar a shafin farko.