Ka sayi dukushi don hawan Sallah? Tsaya ka ji abin da dusa ke yi masa

In ka bi hanyar Kalambaina da la'asar sakaliya, da wuya ka rasa ganin samari biyu ko uku bisa dawaki suna kilisa a gefen titi, tirelolin siminti na wuce su da ƙura. Harkar doki ta shiga ran matasan Sakkwato: ga hawan angwanci, ga hawan Sallah, ga kuma bidiyon da za a ɗora a TikTok. Sai dai ingarman da ya isa hawa ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Shi ya sa dabara ta koma sayen dukushi, wanda aka raba da uwarsa kwanan nan, a kawo shi gida a raina.

In kana cikin masu wannan shirin, ɗan'uwa, bari in ba ka labarin ɗan baffana kafin ka kafa turke.

Bara ya sayo nasa, ɗan wata biyar, ja mai farin goshi. Daren farko ba wanda ya runtsa a gidan, don haniniya yake yi yana neman goɗiyar da ta haife shi. Kwana uku bai ci abin kirki ba. Da ya fara ci, sai ɗan baffan nawa ya bi abin da kowa ke yi: dusa da safe, dusa da yamma, a ɗan watsa gero, harawa kuwa sai ranar da kuɗi suka samu. Dukushin ya yi ƙiba, gashi ya kwanta luf, abokai na ta yabo. Bayan 'yan watanni sai muka ga ƙashin fuskarsa, tsakanin ido da hanci, ya fara tasowa ta gefe biyu. Yana tafiya kamar mai taka ƙaya, yau wannan ƙafa, gobe waccan. A gida har an fara cewa baki ne ya kama shi. Likitan dabbobin da aka kira bai daɗe yana dubawa ba ya tambayi me ake ba shi. Da ya ji amsa, ya ce ba sai an je da nisa ba, ciwon na cikin kwanon dusar.

Ga yadda abin yake. Ƙashi na ginuwa ne da sinadarai biyu, kalsiyam da fosfaras, kuma dukushi na bukatar na farkon ya fi na biyun yawa, kusan ninki biyu. Dusa da hatsi kuwa akasin haka suke: fosfaras jingim, kalsiyam ɗan kaɗan. In jiki bai samu kalsiyam a abinci ba, sai ya koma yana zaƙulo shi daga ƙashin dabbar. Ƙashin ya yi laushi, na fuska ya kumbura, ƙafafu su kasa ɗaukar nauyi. Ba a nan ƙasar aka fara ganin cutar ba. A Turai tun da can an san ta a jikin dawakin masu niƙan alkama, saboda su ma dusa ce ke musu arha.

Babban doki na iya jurewa na ɗan lokaci. Dukushi ba zai iya ba, don a lokacin ne yake gina jikinsa. A wata shida ya riga ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon da zai yi a rayuwarsa, a shekara ɗaya kuma kusan kashi 90. Da yana tare da uwarsa, nono na cike masa giɓin. Ranar da aka yaye shi, kai ne ka zama nonon.

Abin da ya ba ni dariya da takaici lokaci guda shi ne, ƙasar da dukushin nan ke tsaye a kanta dutsen farar ƙasa ce, wadda saboda ita aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina tun shekarun 1960. Kalsiyam ne jingim a ƙarƙashin kofatonsa, amma jikinsa na fama da rashinsa. Kada dai wani ya ji haka ya je ya ɗebo ƙasa ko siminti ya zuba a komi. Akwai garin farar ƙasa da aka tanada musamman don abincin dabbobi, likita ne zai faɗa maka awon.

Maganin da ya fi sauƙi kuwa yana nan a kasuwar Kara da bakin gonaki: harawa. Ta wake ko ta gyaɗa, duk suna da kalsiyam da furotin ɗin da dukushi ke nema. Ita da ciyawa mai kyau, irin su harƙiya, su ya kamata su zama rabin abincinsa ko fiye, hatsi da dusa su zama ƙari. A rana yana cin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa, wato mai kilo 150 zai ci tsakanin kilo 3 zuwa 4 da rabi. Na sani, harawa na tsada in rani ya yi nisa. Masu wayo da kaka suke saye su jibge a rufin ɗaki. In ba za ka iya wannan ba, gaskiya ka dakata da sayen dukushin.

Kada kuma ka zuba masa hatsin duka a zama ɗaya. Tumbin doki ƙarami ne, kuma doki ba ya amai, abin da ya shiga ya shiga. Raba shi sau uku a yini. In za ka sauya abinci, yi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, kana haɗa sabo da tsoho. Ka samo komi ko rabin durom, don in yana ci a ƙasa yashi yake haɗiya, yashin ya taru a hanji ya zama ciwon ciki. Tsince leda daga inda yake. Masarar da ta yi funfuna a zubar, tana taɓa ƙwaƙwalwar doki har ta kashe shi. Abincin kaji ko na ƙiwon shanu na kanti ma kada ka kuskura, wasunsu na ɗauke da maganin da ke lalata zuciyar doki. Ruwa kuwa, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, kada bokitinsa ya taɓa bushewa, a ajiye masa gishiri a gefe.

Tsutsar ciki ta fi kama 'yan wannan shekarun, amma ba a sayen magani a kemis a ɗura masa da ka. In tsutsar ta yi yawa ta mutu lokaci ɗaya, tana iya toshe hanji. Asibitin koyarwa na likitan dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana nan cikin gari. A duba kashinsa, a yi masa allurar tatanas, a tsara maka lokacin magani. Kofato kuma a riƙa gyarawa duk bayan mako shida zuwa takwas.

Sai batun turke. Dukushin da ya wuni a ɗaure ba ya yin ƙashi mai ƙwari, dole ya samu fili ya yi gudu da tsalle kullum. Kaɗaici ma na hana shi ci. In ba wani doki kusa, ko jaki ko akuya na rage masa kewa. Koya masa ragama da ɗaga ƙafa tun yanzu, da lallashi. Sirdi dai a'a. Mahaɗar gwiwarsa ba ta gama ƙwari sai wajen shekara biyu, ƙashin baya kuma ya fi haka daɗewa, don haka bari ya kusanci shekara uku. E, Sallah da dama za su wuce kana kallon abokanka daga ƙasa.

Na ɗan baffana yana nan da rai. An rage dusa, an ƙara harawa da garin da likita ya rubuta, ɗingishin ya tafi cikin watanni. Kumburin fuskar ne bai koma daidai ba. Wani mai sayen dawaki da ya zo ganinsa kwanan baya, fuskar kawai ya shafa ya rage tayinsa.