Tsakanin Tanadi Da Ɓoye: Ina Rumbunmu Ya Tafi?

A gidan da na tashi, ba da abin da ke aljihu ake auna arzikin magidanci ba, rumbunsa ake dubawa. Da kaka ta yi, dammunan gero da dawa za su shige rumbu, a liƙe bakinsa, ba za a buɗe ba sai bazara ta kama. A bayan ɗaki kuma ga zogale, ga rama, ga kuɓewa, har uwargida kan yi kwanaki ba ta aika kasuwa neman kayan miya ba. Mu da muka yi boko muka tare a birni, sai muka musanya rumbu da albashi, muka shafe tsakar gida da siminti, muna ganin ci gaba ne.

'Yan shekarun nan sun tona raunin wannan lissafi. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, aka kuma bar kasuwa ta yanke wa Naira daraja, kuɗin jigila da na taki suka yi tashin gwauron zabo. Ga 'yan bindiga sun raba manoma da yawa da gonakinsu a Zamfara da Katsina da wasu sassan Kaduna. A tsakiyar 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin shekarar a wancan lokacin da ƙyar yake sayen buhun shinkafa guda.

A irin wannan yanayi ne kalmar ajiya ta yi baƙin jini. A Fabrairun 2024, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a yankin kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Amma wajibi ne mu bambanta abu biyu, kamar yadda malaman fiƙihu suka daɗe da bambantawa. Mai ɓoye yana kwashe abincin kasuwa ne ya jira jama'a su galabaita. Mai tanadi kuwa yana sayen abin da iyalinsa za su ci ne a lokacin yalwa. Waɗanda suka mayar da hatsi caca sun ji jiki a 2025, da farashin masara ya faɗi, bayan gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da wasu kayan abinci ba haraji. Wanda ya ajiye don ci kuwa, tukunyarsa ba ta san an yi ba.

Sai dai tanadi yana da ƙa'ida. Lokacinsa kaka ne, tsakanin Oktoba da Disamba. Ma'aikacin da albashinsa ba zai ɗauki buhu uku a tashi ɗaya ba, ga adashi; abokan aiki goma za su iya haɗa kuɗi su auno daga kasuwar ƙauye su raba. A tabbatar hatsin ya bushe sarai, a ɗora buhu bisa katako, nesa da bango. Wake kuma a zuba shi a buhun nan mai ninki uku da ke hana iska shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. A guji yayyafa masa maganin ƙwari irin na feshi. Saboda irin wannan guba ce Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Abin da baƙo ya ƙi, bai kamata mu ba 'ya'yanmu ba. Haka nan idan tumatirin Kadawa ya cika kasuwa da rani, a yanka a shanya kauɗa, domin damina na tafe da tsadarta.

Lambun gida shi ne ɗaya ƙafar. Rashin fili ba hujja ba ce: tsohon buhun shinkafa, da ƙasa, da takin awaki, sun isa. Alayyafo kan kai yanka cikin kusan wata guda. Zogale kuwa, in ya kama, sai dai a yi ta tsinka. Ruwan wankin shinkafa da na alwala da muke zubarwa a kwata ya ishe su.

Ba na cewa buhu goma na alayyafo za su ciyar da gida, ko su sauke wa hukuma nauyin tsaron gonaki. Shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976 ya sa makarantu da gidaje sun yi lambu, amma bai hana mu dogaro da abincin waje ba. Abin da lambu da rumbu ke ba magidanci shi ne sararin numfashi: ranar da kasuwa ta haukace, ba dole ne ya saya a ranar ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kaka mai zuwa, kafin mu canza waya, mu tambayi kanmu buhu nawa ke ɗaki.