Mazubin ƙarfen da ke yanke wa kyamarar waya hukunci tun daga masana'anta

Idan matashi ya shiga kasuwa sayen waya, tambayar farko kan kyamara ba ta wuce "megafiksel nawa ce?" Amma sau da yawa za a ga wayoyi biyu masu megafiksel 50, ɗaya hotonta tar har kusurwa, ɗaya kuma gefen hotonta dishi-dishi kamar an shafa mai. Wani ɓangare na wannan bambanci yana farawa ne daga wani ɗan ƙarfe da ke can cikin masana'anta, wanda mai waya ba zai taɓa gani ba.

Gilashin da ake shafawa a bayan waya murfi ne kawai. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan lens da aka jera kan juna, shida ko bakwai, wani lokaci takwas, kuma galibinsu na roba ne. Shi ya sa ake ganin 6P ko 7P a bayanan wasu wayoyi: lambar tana nuna yawan lens ɗin, harafin P kuma yana nufin filastik. Kamfanonin da suka yi fice wajen ƙera su sun haɗa da Largan Precision da ke Taichung a Taiwan, da Sunny Optical da ke Yuyao a ƙasar Sin.

Yadda ake yin su ya yi kama da suyar waina: kowace waina siffar gurbin tanda take ɗauka. Ana narkar da roba mai garai-garai a zafin da ya haura digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, ta huce, a fitar da ita, a sake zuba wata. Haka injin zai yi ta yi dare da rana. Duk abin da ke fuskar mazubin, mai kyau ko maras kyau, zai fito a jikin kowane lens. Ƙarzuwa ɗaya tak za ta bi dubban wayoyi zuwa kasuwa.

Santsin da ake bukata kuwa ya wuce abin da ido zai iya aunawa. Kaurin gashin mutum kusan nanomita 70,000 ne, amma kaushin fuskar mazubin lens bai kamata ya wuce 'yan nanomita kaɗan ba. Abin da ke iya sassaƙa irin wannan fuska shi ne tsinin daimon, a kan injin da ke juya ƙarfen yana fere shi a hankali.

A nan ne injiniyoyi suka gamu da cikas. Alminiyam da tagulla suna yankuwa da daimon cikin sauƙi, sai dai suna da laushi, ba sa jure bugun roba mai zafi na tsawon lokaci. Baƙin ƙarfe yana da juriya, amma shi da daimon ba sa ga-maciji. Daimon zallar sinadarin kabon ne, kuma a zafin yanka baƙin ƙarfe yakan zuƙe kabon ɗin, tsinin ya dakushe tun kafin a gama aiki.

Mafitar da masana'antu suka runguma ita ce haɗa ƙarfe biyu. Ana yin gangar mazubin da ƙarfe mai tauri wanda ba ya tsatsa, irin su Stavax na kamfanin Uddeholm da ke Suwidin, sannan a dalaye fuskarsa da haɗin nikel da fosforas. Wannan dalayewa ba ta bukatar wutar lantarki, ana tsoma ƙarfen ne cikin ruwan sinadari. Masana biyu a Amurka, Abner Brenner da Grace Riddell, su suka bayyana hanyar a 1946. Idan fosforas ya haura kashi 10 cikin ɗari, rufin yakan fito sumul ba tare da ƙwayoyi a cikinsa ba, daimon ya yanke shi har ya koma kamar madubi. Ƙarfen ciki ya ɗauki nauyin bugu, rufin waje ya ba da santsi.

Shi ma rufin yana da iyakarsa. Idan zafinsa ya kai wajen digiri 300 zuwa sama, yakan fara yin ƙwayoyi, santsin ya lalace. Ɗumama da hucewa ba ƙaƙƙautawa na iya tsaga shi ko ɓamɓare shi daga jikin ƙarfen, sannan tururin roba yana barin dauɗa da sai an goge, gogewar kuma tana cin fuskar sannu a hankali. Wannan iyaka ce ta sa lens na gilashi, wanda ake matsawa a zafin da ya haura digiri 500, yake bukatar mazubi na daban, galibi na tungsten carbide. Ƙera irinsa ya fi wuya da tsada, shi ya sa wayoyi masu alamar 1G, wato lens ɗaya na gilashi a cikin jerin, ba su da yawa.

Lissafin masana'anta a fili yake. Mazubi mai daɗewa yana fitar da lens masu yawa kafin a sake fere shi, kuɗin kowane ɗaya ya ragu, har kyamara mai kyau ta iso wayar da ɗalibi zai iya saya. Masana'antar da ta ci gaba da aiki da mazubin da ya gaji, ko ta sassauta wajen tantancewa, ita ke sakin lens masu watsa haske. Manhajar gyaran hoto tana iya rufe wani abu, amma ba ta iya dawo da abin da bai isa ga sensa ba.

Mai saye ba zai iya leƙa masana'anta ba, amma yana iya gwada sakamakon aikinta a gaban mai shago. Ya goge murfin kyamarar, ya shimfiɗa jarida inda akwai haske, ya ɗauki hotonta daga sama ta cika allon, sannan ya zuƙo kusurwoyi huɗun ɗaya bayan ɗaya. Ɗan raguwar kaifi a gefe ba abin damuwa ba ne. Idan kuwa rubutun kusurwa ɗaya ya dushe sauran suna karantuwa, akwai alamar matsala a lens ɗin ko a yadda aka jera su. Gwajin yana da amfani kuma bayan mai gyara ya sauya kyamara, kafin a biya shi kuɗin aiki.