Rumbun da Ba a Cin Hatsinsa



Duk mun san yadda iyayenmu ke ware zangarniyar gero mafi kyau su rataye ta daban, ko da yunwa ta matsa ba a taɓa ta, domin ita ce irin baɗi. To ƙasa ma tana da irin wannan rumbu. Sunansa NACGRAB, yana Ibadan, kuma gwamnatin tarayya ta kafa shi a 1987 don tattarawa da adana irin amfanin gona na Najeriya.

Ma'aikata kan bi ƙauyuka su karɓi iri kaɗan daga manoma, su rubuta sunansa da garin da aka samo shi. Sai a busar da shi sosai, a liƙe shi cikin ƙunshin da iska ba ta shiga, a sa a ɗaki mai sanyin da ya fi na ƙanƙara. A haka iri kan yi shekaru da yawa bai mutu ba. Lokaci-lokaci ana ɗibar kaɗan a gwada ko zai tsiro. In ya fara rauni, sai a shuka shi a sami sabo.

Me ya shafe mu a Wurno, Rabah da Goronyo? A 2010 ambaliya ta cinye gonaki da rumbuna a yankin kogin Rima. Yanzu kuma rashin tsaro ya raba manoma da yawa da ƙauyukansu. Wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa ɗaukar iri. Ga shi kuma sabuwar shinkafa irin su FARO 44 tana ture jar shinkafar gargajiya, wadda ke ƙara tsawo idan ruwa ya cika fadama. Ba mu ƙi sabon iri ba, yana ba da yabanya. Amma masana daga tsohon iri suke samo juriyar fari da cuta su haɗa sabon.

Dabbobi ma suna ciki: jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna har Turai, da shanun Gudali. Cibiyar NAPRI da ke Shika, Zariya, tana bincike a kan irinsu.

Akwai ma babban rumbu a Svalbard ta ƙasar Norway, cikin dutse, da aka buɗe a 2008. Da yaƙi ya hana masana amfani da rumbunsu na Halab a Siriya, can suka karɓo irinsu a 2015.

Ƙungiyarmu tana roƙon kowa ya tambayi kakanninsa sunayen gero, dawa, wake da shinkafar da suke shukawa a da, ya kawo wa malamin aikin gona. Za mu liƙa su a wannan allo.