Yadda matan Ailan suka raya gadon Kelt da zare da allura

A shekarar 1902, lokacin da Ailan ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya, wata mata mai suna Evelyn Gleeson ta buɗe gidan sana'ar hannu a Dundrum, kusa da birnin Dublin. Ta haɗa gwiwa da Lily da Elizabeth Yeats, ƙannen shahararren marubucin waƙoƙi W. B. Yeats. Sun raɗa wa gidan suna Dun Emer, domin tunawa da Emer, matar jarumi Cúchulainn, wadda labaran gargajiyar Ailan suka yaba da gwanintarta a ɗinki.

Manufarsu ita ce samar wa 'yan matan yankin abin yi, da kuma nuna cewa ƙasar tana da adonta na gado. Lily, wadda ta yi shekaru tana aiki a ƙarƙashin May Morris a Landan, ita ta jagoranci sashen surfani. Cikin manyan ayyukansu na farko akwai tutoci 24 masu ɗauke da surar waliyyan Ailan, waɗanda aka ɗinka wa babbar majami'ar Loughrea. Ɗan'uwansu Jack B. Yeats da matarsa ne suka zana yawancinsu.

Masu surfani na wancan zamani sun ɗebo zane daga tsofaffin littattafai, musamman Littafin Kells, kwafin Linjila da aka rubuta wajen shekara ta 800, wanda ke ajiye a Kwalejin Trinity. A can ne ake ganin ƙulli mai sarƙaƙiya irin na dagi, wanda ba a gane farkonsa balle ƙarshensa.

Sai dai masana tarihi na jan hankali kan ma'anonin da ake jingina wa alamomin. Mutanen Kelt na dā ba su bar rubutun da ya fassara su ba, don haka cewa ƙullin na nufin dawwama fassara ce ta 'yan baya. Hatta zanen murɗe uku da ke kabarin Newgrange ya girmi zamanin Kelt da fiye da shekara 2,000.

Wannan bai rage wa sana'ar daraja ba. A 1908 'yan'uwan biyu suka ware suka kafa Cuala, kuma har yau ana ƙawata rigunan masu rawar gargajiyar Ailan da irin wannan ƙulli.